Kwano Biyu na Ladan Tanimu

Akwai ranar da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da aka kawo mini Malam Tanimu Ladan a karo na huɗu. Talata ce, cikin bazara, saura 'yan makonni ruwa ya sauka. Na leƙo daga ofis zan kira sunansa, sai na hango shi a ƙarshen benci, ya jingina kai da bango, hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, ga hayaniyar masu jiran likita, ga kukan yara, amma shi barci yake yi haiƙan. Sai da ɗansa Sabi'u ya girgiza kafaɗarsa sau uku kafin ya buɗe ido.

Bari in ɗan yi bayani saboda ƙannenmu da suka shigo aiki kwanan nan, da kuma waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Ni jami'in kula da abincin marasa lafiya ne a wani asibiti a nan Wudil, sunana Auwalu, kuma lokacin da abin nan ya faru na haura shekara goma a kan kujerar. Kowace Talata muke ganin masu hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda. Mara lafiya zai karɓi katinsa, nas ta gwada hawan jininsa, ta ɗora shi a kan sikeli, ya ga likita, sannan a turo shi wurina. Aikina shi ne in tambaye shi abin da yake ci, in gaya masa abin da zai rage da abin da zai ƙara, in rubuta a fayil. Mutanen karkara likita suke ce mini, ni kuwa ba na gyara musu, don ba na ƙin sunan.

Ƙoda ita ke tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. In ta daɗe da rauni ba ta komawa yadda take, lallaɓa ta kawai ake yi. Gishiri da magi da kanwa suna sa jiki ya riƙe ruwa, su kuma ɗaga jini, shi ya sa ake cewa a rage su sosai. Nama da kifi da wake auna su ake yi, ba a hana su gaba ɗaya. Amma akwai wani gefen da ba mu cika nanatawa ba. Tsoho mai ciwon ƙoda in ya rage ci, tsokarsa narkewa take yi, jininsa ya yi ƙasa, ƙarfi ya tafi, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka. Na san wannan tun ina makaranta, kuma sanin bai hana ni yin abin da na yi ba.

Malam Tanimu mutumin Kausani ne, ya haura saba'in, dogo, mai ɗan farin gemu. Noma yake yi, amma ba wanda ke kiransa manomi. Shekara arba'in da 'yan kai yana kiran salla a masallacin unguwarsu, tun kafin a sa lasifika, lokacin da sai ya hau matakala ya toshe kunne ya buɗe murya. Sabi'u, wanda malamin firamare ne da ke zaune a Sabon Gari, ya taɓa gaya mini cewa matan unguwar da kiran La'asar ɗin babansa suke ɗora tukunyar dare.

Ranar da aka fara turo shi wurina, bayan likita ta tabbatar masa da ciwon, ya zauna ya harɗe hannu ya saurare ni kamar mai ɗaukar karatu. Na lissafa masa abin da zai kiyaye. Na ce a riƙa yi masa girkinsa daban, ba gishiri, ba magi, ba kanwa, nama kuwa yanka ɗaya ko biyu. Da na gama ya ce in maimaita, na maimaita. Sai ya ce, "To ɗan nan, na ɗaukar maka alkawari. Abin da ka hana ba zai shiga bakina ba." Na ji daɗi ƙwarai, don yawancin tsofaffinmu a bakin ƙofar asibiti suke ajiye dokarmu su zarce wurin mai tsire.

A zuwa na biyu da na uku, wata-wata ke nan, sikeli ya nuna nauyinsa yana nan inda yake. Ƙafafunsa dai sun fara kumbura, kuma Sabi'u ya ce ya faye gyangyaɗi. Na tambaya ko yana cin abinci. Sabi'u ya ce yana ci, ai mahaifiyarsa ta ce kullum kwano wayam yake dawowa. Na dubi tsohon, ya ce alhamdulillahi. Na rubuta a fayil cewa yana ci sosai, na ɗora alhakin barcin a kan ƙodar, tunda dattin da ta kasa tacewa yakan sa mutum kasala. Amsar ta yi daidai da abin da ke cikin littafi, don haka ban ƙara bincike ba.

To, ranar Talatar nan da nake ba ku labari, su uku suka shigo: shi, da Sabi'u, da matarsa Inna Tabawa, wata 'yar tsohuwa mai yawan gyara mayafi. Bayan mun gaisa, Sabi'u ya rage murya ya ce akwai magana. Al'adar babansa ce in an idar da Azahar ya zauna a masallaci yana lazimi har lokacin La'asar ya yi. Yanzu sau uku ke nan barci yana kwashe shi a wurin, lokaci ya wuce ba a ji kira ba. Na ƙarshen ma sai da jama'a suka taru don kansu, suka tarar da shi a zaune kusa da akwatin lasifika, carbi ya faɗi daga hannunsa. Liman da dattawan unguwa sun zauna, sun ce don girman shekarunsa za a jira shi zuwa saukar ruwa. In abin bai gyaru ba, za a ɗora wani.

Malam Tanimu ya bari ɗansa ya gama, sannan ya ɗago ya dube ni. "Ɗan nan, ba inda ke mini ciwo. Maganin barcin nan kawai nake so. Ba ni da sarauta, ba ni da dukiya. Kiran nan shi ne abin da Allah ya ba ni."

Na ce in sha Allahu za mu yi ƙoƙari. Na danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya loma ya ƙi tasowa. A raina na ce wannan kumburin ba ya rasa nasaba da gishiri, akwai dai inda ake karya doka. Sai na juya kan Inna Tabawa na tsare ta da tambaya. Ta yi ta kwana-kwana, ni kuma na ƙi sakin ta. Daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta ce ita dai kullum tana yi masa nasa daban kamar yadda aka ce, amma a waje yake ƙoshi, wurin ciyayya. Shi da abokansa tun suna samari bayan Magariba kowa ke fito da kwanon gidansa su haɗu su ci, kuma ba ta iya hana shi ba. Ta ce ta ɓoye wa Sabi'u ne don ta rufa wa mijinta asiri.

Nan na ga na kama ɓarawo, kuma ina jin kunyar faɗar yadda abin ya yi mini daɗi. Na yi wa tsohuwar nan faɗa a gaban ɗanta. Na ce mata rufin asirin da take yi shi ne zai kai mijinta ga injin wankin ƙoda a Kano. Sannan na ƙara ɗaure dokar: na ce a ɗauke nama da kifi da wake kwata-kwata har wata guda, a rage nono, a ga yadda kumburin zai yi. Duk wannan abin Malam Tanimu yana zaune, idonsa biyu, yana kallon ƙasa, bai ce uffan ba. Na ɗauki shirun nasa a matsayin amsa laifi, na rubuta, na ba su ranar dawowa.

Bayan mako huɗu suka dawo, shi da Sabi'u. Wannan karon riƙe shi aka yi daga babur zuwa benci. Ba a turo shi wurina ba, sai aka aiko cewa Dakta Rabi tana kirana. Ita ce babbar likitar da ke duba masu ƙoda a lokacin, mace ce mara yawan magana, kuma ba ta ɗaga murya ko da ranta ya ɓaci. Na tarar ta baje takardun gwaji a kan tebur. Ta nuna mini cewa aikin ƙodar yana nan kusan yadda yake tun zuwan farko, bai ƙara lalacewa ba. Abin da ya faɗi shi ne jininsa, da sinadarin gina jiki da ke cikin jinin, kuma ƙarancin wannan sinadarin shi kansa yana kawo kumburi.

Sai ta nemi izinin tsohon, ta naɗe hannun babbar rigarsa har kafaɗa, ta zagaya dantsensa da tef ɗin awo. Ƙashi ne da fata. Wata huɗu ina ganin mutumin nan cikin babbar riga ban taɓa cewa ya naɗe hannu ba. Nauyin da sikeli ke nuna mini ruwa ne ya maye gurbin tsoka.

Ta ce, "Malam Auwalu, wanda ke satar cin tuwo da miyar gishiri kullum ba ya ramewa haka. Ka taɓa ganin loma ta shiga bakinsa?"

Na ce ban taɓa ba. Ta ce to in je in gani. A tsarinmu ziyarar gida ba ta cikin aikin yau da kullum, sai an rubuta dalili likita ta sa hannu, shugaban sashe ya amince. A ranar ta sa hannu, ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki na hau babur ɗina na nufi Kausani.

An yi ruwan farko a makon da ya gabata, gonaki duk an fara shuka. Na isa dab da Magariba, Sabi'u ya tare ni a bakin hanya. Muna tsaye aka ɗaga kiran salla, murya mai kauri, ba ta tsoho ba. Na dubi Sabi'u. Ya ce ranar Juma'ar da ta wuce aka ɗora Malam Nasiru, wani tela magidanci da ke unguwar. Ya ce babansa bai yi gardama ba, da hannunsa ya miƙa mabuɗin akwatin lasifika. Amma su iyalinsa suna sa ran in ya samu sauƙi za a mayar masa.

Bayan salla aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Ɗan'azumi, wani tsohon masunci wanda abokin wasan Malam Tanimu ne. Dattawa shida suka zauna, kwanuka suka fara fitowa daga gidaje. Suka ce, "Bismilla, likita," na wanke hannu na zauna. Kwanon gidan Ladan shi aka fara buɗewa: tuwon dawa da miyar kuka, ta ji daddawa da busasshen kifi, gishiri daidai. Malam Tanimu ya tura shi tsakiya da kansa. Na sa masa ido. Ya gutsuri ɗan tuwo daga gefe, wanda bai kai kan yatsa ba, bai taɓa miya ba, ya sa a baki. Daga nan ya janye hannu ya ɗora a gwiwa, ya shiga tambayar wani yadda irin gyaɗarsa ya fito. Aka cinye kwanonsa tas, aka buɗe na biyu, aka buɗe na uku, har na shida. Bai sake miƙa hannu ba. Da aka zagayo da ruwan wanke hannu, ya ɗan jiƙa yatsunsa ne kawai, don ba abin da zai wanke.

Na matsa kusa da Ɗan'azumi na tambaye shi a hankali ko yau ne kawai Ladan bai ci ba. Ya ce ai tun da asibiti suka sa masa doka ba ya ci da su, albarka kawai yake sa wa kwano ya taya su hira. Nasa na musamman yana ciki, in ya shiga yake ci. Ya faɗi haka hankalinsa kwance, yana sakace.

Na ce wa Sabi'u ya nema mini izinin shiga gida. A ƙofar ɗakin tsohon muka tarar da wata langa a rufe da faifai. Na buɗe, farin tuwo ne da wata miya tsararo, ta huce, ba abin da ke cikinta sai kuka da ruwa. Inna Tabawa ta fito tana kare fuska da mayafi, da alama tana jiran wani faɗan. Na tambaye ta yaya ake yi da langar nan. Ta ce kullum tana ajiye masa, in ya shigo sai ya ce alhamdulillahi an tashi daga ciyayya, ya yi shirin Isha'i. Da safe ta juye wa awaki. Na ce to me ya sa take ci gaba da fitar da kwano mai gishiri waje? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Shekara hamsin kwanon gidan nan bai taɓa fashin fita ba. In tura wa maza lami, a ce gidan Ladan an rasa gishiri?"

Nan lissafin ya fito mini. Na waje sun ɗauka a ciki yake ci, na ciki sun ɗauka a waje yake ci. Kwanon da ke dawowa wayam abokansa ne ke cinyewa. Da safe koko yake sha ba ƙosai, tunda ƙosai wake ne da gishiri. Da rana ɗan ruwan fura, wanda ni da bakina na ce a rage masa nono. Wata huɗu ke nan dattijo mai ciwon ƙoda yana rayuwa a kan koko da ruwan fura, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ana haka Malam Tanimu ya shigo yana dogara sanda. Ya ga langar a buɗe, ya gan mu tsaye, ya gane. Ya zauna a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya dubi langar. Sannan ya ce, "Na yi maka alkawari ba zan ci nasu ba, ban ci ba. Wannan kuwa na gwada, Allah ya sani. Amma ɗan nan, tun da na yi wayo ban taɓa buɗe kwano ni kaɗai ba. In na zauna na buɗe, sai in ji kamar an fitar da ni daga cikin mutane. Maƙogwaro sai ya rufe."

Na ce to ranar da nake yi wa Inna faɗa, me ya hana shi ya ce ba haka ba ne? Ya ce ba zai ƙaryata iyalinsa a gaban baƙo ba, kuma namiji da gemunsa ba ya zuwa asibiti ya ce ya kasa cin tuwo don ba abokin ci. Inna Tabawa ta juya baya tana share ido. Ban taɓa jin kunya a wurin aiki irin ta wannan yammacin ba. Na roƙi tsohuwar nan gafara a gaban mijinta da ɗanta, ta ce ba komai, ai aikina nake yi, kuma wannan amsar ta fi faɗa zafi.

Na nemi izininsa in gaya wa abokansa. Ya ƙi, na nace, Sabi'u ya sa baki, daga ƙarshe ya ce in yi yadda na gani. Na fita da langar a hannuna kafin su watse, na yi musu bayani. Ɗan'azumi ne ya fara magana, yana son ya mayar da abin wasa. Ya ce wato wata huɗu suna siɗe kwanon Ladan shi kuma yunwa tana cin sa a gabansu, kuma ba wanda ya lura a cikinsu. Ya jawo langar ya ɗanɗana miyar, ya yamutsa fuska, ya ce, "Likita, tsakaninka da Allah, kai za ka iya cin wannan?" Na ɗanɗana. Shekara goma ina rubuta wa mutane irin girkin nan, ranar na fara sanin ɗanɗanonsa, kuma na kasa haɗiye loma ta biyu.

Washegari na kai wa Dakta Rabi rahoto. Ta rubuta masa maganin ƙarin jini, muka zauna muka sake tsarin abincinsa. Ranar Asabar na koma na zauna da Inna Tabawa a bakin murhu. Muka auna gishirin yini guda a ɗan ƙaramin cokali, kaɗan ne amma ba babu ba. Muka ƙara albasa da tafarnuwa da citta, da ɗan tsami, da man gyaɗa, da daddawa gwargwado. Aka dawo masa da ƙwai ɗaya ko yankan kifi kullum, da abin da zai ci da rana. Dattawan kuma da kansu suka yanke cewa daga yau kwano ɗaya gidan Ladan zai riƙa fitarwa, irin wanda zai iya ci, a yi shi da yawa, kuma shi za a fara buɗewa kowa ya sa hannu. Biyu daga cikinsu ma masu hawan jini ne, don haka ba su yi asara ba. Ɗan'azumi ya ɗauki aikin zama kusa da shi yana ƙirga masa loma yana tsokanarsa.

Sauƙi bai zo da gudu ba, amma ya zo. Bayan mako shida kumburin ya saɓe, tef ya nuna dantsen ya ɗan ciko. Ranar da suka zo asibiti na leƙa na same shi zaune tsaf a kan benci yana yi wa wani mutum faɗa don ya tsallake layi. Sabi'u ya ce yanzu yakan zauna daga Azahar har La'asar idonsa biyu, sai dai ɗan gyangyaɗin da kowane tsoho ke yi. Ya roƙe ni in je in yi wa Liman bayani, ko Allah zai sa a mayar masa da ladancinsa. Ni ma abin da ke raina ke nan tun ranar da na ji muryar wani a lasifikar nan.

Na je ranar wata Lahadi da hantsi. Liman ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni har na gama. Na gaya masa cewa barcin nan ba tsufa ba ne, yunwa ce, kuma kuskuren daga wurina yake. Ya jinjina kai, ya ce ya ji, kuma shi kansa muryar Malam Tanimu ya taso yana ji. Amma an ɗora Malam Nasiru a gaban jama'a, an yi addu'a an shafa, kuma tun daga ranar bai makara ko sau ɗaya ba. Ba a sauke mutum ba laifi. Ya ce sun jira har ruwa ya sauka kamar yadda suka yi alkawari, da a cikin watan ne aka ga sauƙi da ba a kai ga haka ba. Yanzu bakin alƙalami ya bushe, sai dai in shi Malam Tanimu ne zai nema da bakinsa, sai a roƙi Nasiru ya haƙura.

Na samu tsohon a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Na gaya masa yadda muka yi da Liman, na ce kalma ɗaya kawai ake jira daga gare shi. Ya girgiza kai. Ya ce Nasiru bai yi masa komai ba, mutum ne mai iyali, an ba shi girma a gaban 'ya'yansa, ba shi zai sa a karɓe ba. Na yi ta kawo dalilai, ya bar ni ina yi har na gaji. Muka ci abincin rana tare daga kwano ɗaya, ya ci da kyau, muka yi Azahar, muka dawo muka zauna.

Muna zaune aka ɗaga kiran La'asar. Ya ajiye igiyar, leɓɓansa suna amsawa kalma bayan kalma har aka gama. Ya yi addu'a ya shafa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Muryarsa da kyau, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa." Ya ƙara da cewa, "Da ina barci ba na jin sa. Yanzu da ka tashe ni, sau biyar nake ji."

Ya ɗauki butarsa ya miƙe ba tare da sanda ba. Na bi bayansa zuwa masallaci.

Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya. Sabi'u ya ce kullum shi ke fara isa masallaci, ya share, ya zauna a sahun farko ya jira a kira. Bayan kaka ƙodar ta ci ƙarfinsa, aka tura shi Kano, can Allah ya karɓi abinsa. Na je ta'aziyya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ku da kuke fara aikin nan, ga abin da na ɗauka daga wannan. Kada ku tsaya a kan tambayar me mutum yake ci. Ku tambaye shi a ina yake ci, da wa yake ci, kuma wa ke ganin hannunsa yana zuwa baki. A wurin mutanenmu tuwo ba ya rabuwa da zama cikin jama'a, in kun ware wa tsoho kwano kun ware shi ne daga abokansa, ko kun sani ko ba ku sani ba. In tsoho mai ciwon ƙoda ya fara barcin rana, kada ku yi saurin ɗora wa ƙodar. Ku naɗe hannun rigarsa ku duba, don sikeli ba ya bambanta ruwa da tsoka. Abincin da za ku rubuta wa wani, ku fara ɗanɗana shi. Kuma ku fi jin tsoron wanda ya ce ya ɗaukar muku alkawari fiye da wanda kuka san zai karya doka, don shi duk abin da ya fito daga bakinku zai bi, har da kuskurenku.

A fayil ɗin Malam Tanimu an rubuta cewa ciwon ƙoda ne ajalinsa, kuma gaskiya ne. Ba a rubuta komai a kan ladancinsa ba, don fayil ba shi da gurbin wannan. Amma ni na sani, jama'ar unguwarsu sun ba shi wata guda, kuma a cikin watan nan ne na ƙara hana shi abinci.